An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Dokar Takardar Likita da Shagon Kyamis

A yawancin unguwanninmu da ƙauyukanmu, wanda ya kwana da zazzaɓi kyamis yake fara nufa da safe. Zai ce kansa na sarawa, gaɓoɓinsa na ciwo, cikinsa na murɗawa, a haɗa masa na ɗari biyar. Mai shago ya ɗauki almakashi ya datsi wannan katin, ya ɓalli biyu daga wancan, ya zuba a 'yar farar leda: farasitamol biyu, dikulofenak ɗaya, kafson nan ja da yalo, Flagyl, wani lokaci har da ɓarin katin maganin maleriya. Ya ce a sha safe da dare. A cikin ƙullin nan aƙalla ƙwayoyi biyu doka ba ta yarda a sayar da su ba sai da takardar likita, ba ta ma yarda wannan shagon ya ajiye su ba tun farko. Mai saye bai san da haka ba. Yaron shagon ma sau da yawa bai sani ba, yadda ya ga maigidansa yana yi haka yake yi.

Dokar tana da hujja, kuma ina goyon bayanta. Abin da nake ƙi shi ne inda muke zuba ƙarfinmu wajen aiwatar da ita. Muna bin ƙananan shaguna da kwado da jan tef, alhali hanyar da kayan suka biyo suka iso shagon a buɗe take, mai saye kuma ba shi da wata alama da zai gani a jikin kwali ya san ya tsallaka iyaka.

Ba da ka ake raba magunguna gida biyu, masu buƙatar takardar likita da marasa buƙata, ba. Masu rajistar magani suna duba ko ciwon da aka yi shi dominsa mutum zai iya gane shi da kansa, kamar ciwon kai ko ƙwannafi, ko kuwa sai an auna, kamar hawan jini da ciwon suga. Suna duba tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke yin illa, domin akwai maganin da ƙarin ƙwaya ɗaya ba ya komai, akwai wanda ƙarin rabin ƙwaya kan kai mutum gadon asibiti. Suna duba ko jiki na sabawa da shi har a kasa bari, da ko shan sa barkatai na cutar da wanda bai sha ba, wanda shi ne babban laifin antibayotik. Allura kuwa kusan dukkanta tana ɓangaren takarda, saboda abin da ya shiga jijiya ba a amayar da shi.

Kowace ƙasa da yadda ta ja nata layin. Amurka ta raba gida biyu tun 1951. Ingila ta yi uku: wanda sai da takarda, wanda ba a buƙatar takarda amma sai a famasi a gaban masanin magani, da wanda ko a kantin kayan masarufi za a samu. Magungunan da ke shiga Nijar daga Faransa suna zuwa da zanen akwati ja ko kore a jikin kwali, ja ga waɗanda aka fi tsanantawa, koren ga masu bi masa. Indiya, wadda yawancin magungunan da muke shigowa da su daga can suke, ta fara kamfen a 2016 na jan layi a jikin katin antibayotik, don wanda bai iya karatu ba ya gane. Mu a Nijeriya abin da ake gani, idan ma an gani, shi ne ƙananan haruffa, POM ko Rx ga mai buƙatar takarda, OTC ga wanda ba ya buƙata, a wani lungu na kwalin da mai kyamis ya riga ya jefa a shara kafin ya datsa katin.

A takarda tsarinmu bai rasa komai ba. NAFDAC, da aka kafa a 1993, ita ke yi wa kowane magani rajista da ba shi lamba. Hukumar PCN, wadda aka sabunta dokarta a 2022, ita ke ba shaguna da masu sana'ar lasisi. NDLEA na bin masu bugarwa. Shagunan kuma iri biyu ne, kodayake bakinmu ya haɗe su duka a kalmar kyamis. Famasi na ƙarƙashin masanin harhaɗa magunguna da ya yi shekara biyar ko shida a jami'a da shekarar horo, shi ne aka yarda ya karɓi takardar likita ya ba da abin da ke ciki. Mai ƙaramin lasisi kuwa an ba shi jerin magungunan da zai sayar, kuma a cikin kwalinsu ko katinsu yadda kamfani ya rufe. Ba a ba shi izinin yin allura ba, balle ƙarin ruwa, balle haɗi. Almakashin nan kansa saɓa doka ne, kuma akwai dalili: katin da aka datsa ya rabu da sunan maganin, da ƙarfinsa, da ranar lalacewarsa, da lambar rukunin da aka sarrafa shi. Idan mutum ya sha jikinsa ya fashe da ƙuraje, likitan da aka kai wa ba shi da hanyar sanin me ya sha.

To me ya hana dokar aiki? Wanda ya tsara ta ya ɗauka akwai likita a kusa. Mutumin ƙauye da zai ga likita sai ya biya kuɗin mota, ya yanki kati, ya bi layi har azahar, a tura shi gwaji, sannan a rubuta masa abin da sau da yawa babu shi a asibitin, ya dawo ya saya a waje. Ranar aikinsa ta tafi. Famasi masu rajista sun taru a manyan birane, a birnin ma kusa da manyan asibitoci. Mai kyamis kuwa maƙwabci ne, yana buɗe har sha ɗayan dare, yana ba da bashi, yana sayar da na yau kaɗai idan kuɗin gobe bai samu ba. A rashin uwa ake uwar ɗaki. Duk wanda ya ce a rufe shagunan nan gaba ɗaya bai taɓa neman maganin zazzaɓin yaro da tsakar dare a garin da babu asibiti ba. Kuma a faɗi gaskiya, manyan famasi na birni ma da yawansu idan ka ambaci sunan antibayotik miƙo maka za a yi, ba a tambayi takarda ba.

Sai dai uzuri ba ya rage ɓarna, kuma ɓarnar antibayotik ta fi kowacce girma don ba ta da ƙara. Babban mutum da aka rubuta wa amoksisilin mai miligiram 500 sau uku a rana na kwana biyar, kafso goma sha biyar ke nan. A ƙullin haɗi biyu yake samu, ko huɗu. Wannan bai isa ya kashe ƙwayar cuta ba, ya dai isa ya koya mata jurewa. Sau da yawa ma babu abin kashewa tun farko: mura da yawancin tari irin ƙwayoyin cutar da ke kawo su antibayotik ba ya taɓa su, haka yawancin gudawar yara, wadda maganinta ruwan gishiri da suga ne da zinki mai 20 kullum na kwana goma zuwa sha huɗu, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba. Amma uwa za ta koma gida da kwalbar Flagyl, ko a fasa kafso ja da yalo a dama wa yaro, alhali tetirasaikilin na ɓata haƙoran yaron da bai kai shekara takwas ba ɓacin da ba ya gyaruwa. Ga kuma tagwayen nan da ba sa rabuwa a bakin mutane, maleriya da taifod. Gwajin Widal guda ɗaya ba ya tabbatar da taifod a ƙasar da kusan kowa ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, amma da shi ake kafa hujjar ɗora mutum kan sifuro ko allurar seftiriyazon.

Waɗannan antibayotik biyu, sifuro da seftiriyazon, suna cikin rukunin da Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2017, ta ce a riƙa yi musu tsimi, don su ne madogara idan na farko sun gaza. Seftiriyazon shi ne abin da likita ke ɗauka idan an kawo yaro da sanƙarau ko cuta ta shiga jini. Duk allurar da aka yi a bayan kanta don zazzaɓin kwana biyu tana rage masa kaifi. Babban binciken da aka yi kan shekarar 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Ba wanda ake rubuta wa haka a matsayin sanadi. Cewa ake yi an yi ta magani bai ji ba.

Akwai waɗanda illarsu ba ta jira. Allurar naƙuda, oksitosin, tana buƙatar sanyin firji tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wadda ta yi watanni a shago mai rufin kwano ta rasa ƙarfi, sai ranar da mace ke zubar da jini bayan haihuwa a yi mata ta ƙi aiki. Mai ƙarfin kuma idan aka yi wa mace a gida don a gaggauta haihuwa, ba a san yadda ɗa ya kwanta ba, mahaifa na iya fashewa. Jentamisin mai 280 sai da NAFDAC ta soke rajistarsa a 2010 saboda kurumta mutane da lalata ƙoda. Ƙwayar sha-ka-fashe da 'yan mata ke nema kafin biki, dekzametazon ce ko 'yar uwarta. Abin da ake gani kamar ƙiba kumburin fuska ne da tara ruwa da kitse a ciki, ƙafafu na sirancewa, suga da jini na hawa, ƙashi na rauni. Wadda ta yi watanni tana sha kuma ba a yanke mata lokaci guda, don jikinta ya daina sarrafa nasa sinadarin, sai likita ya riƙa rage mata sannu a hankali. Wannan bayanin ba ya cikin ledar da aka ƙulla mata.

Kada kuma a ɗauka wanda ba ya buƙatar takarda alewa ne. Iyakar farasitamol ga babba giram 4 ne a yini, wato ƙwaya takwas mai 500, da tazarar awa huɗu zuwa shida. Magungunan mura da yawa suna ɗauke da farasitamol a ciki, sai mutum ya haɗa biyun ya ninka bai sani ba, hanta kuma ba ta nuna ta ji rauni sai bayan kwana biyu ko uku. Shi ya sa Ingila tun 1998 ta taƙaita kwalinsa zuwa ƙwaya 16 a kanti, 32 a famasi. Yaro da nauyinsa ake auna masa, miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo, don haka mai kilo goma mililita biyar na ruwan mai miligiram 120 a kowane mililita biyar ya ishe shi, a murfin awo, don cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Maganin maleriya na ACT, da ƙasar ta koma kansa a 2005 bayan kulorokwin ya gaza, an sake shi ga masu kyamis, kuma hakan daidai ne. Amma babba mai kilo 35 zuwa sama ƙwaya 24 zai sha ta nau'in artemeta-lumefantirin mai 20/120, huɗu-huɗu sau shida a kwana uku, na biyu bayan awa takwas da na farko, tare da abinci mai maiƙo ko madara don ya shiga jiki. Wanda aka datsa wa takwas ya ji sauƙi ya daina, zazzaɓin zai dawo bayan mako biyu, ya ce maganin jabu ne.

Yanzu ina jakin yake? Kodin ya nuna mana. Shekara da shekaru ana wa'azi ana kama yara da kwalabe, ba abin da ya canja. A ƙarshen Afrilun 2018 binciken BBC ya nuna yadda katon-katon ke fita ta bayan gida daga hannun ma'aikatan kamfanoni da dillalai. Washegari, 1 ga Mayu, gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, NAFDAC ta rufe kamfanoni uku na wani lokaci. Kodin bai ƙare ba, har yau NDLEA na kama kwantenoninsa a tashoshin jiragen ruwa na Legas da Onne. Amma ya sauka daga kan kanta ya koma kayan ɓoye mai tsada, kuma ba a samu hakan da zagaya shaguna ɗaya bayan ɗaya ba. Tiramol ma labarin ke nan. Mai 50 da mai 100 ne aka amince da su, iyakar yini 400. Mai 200 da 225 da 250 da ke hannun 'yan acaba da leburori babu likitan da ya rubuta su, babu asibitin da ya yi odarsu, biyu kacal sun kai iyaka ko sun haura ta, shi ya sa ake ganin matashi ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Binciken da gwamnati ta yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a rahotonsa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 ne suka sha irin waɗannan magungunan kashe raɗaɗi ba don jinya ba a cikin shekara guda. Kayan da zai ƙosar da miliyoyi ba a aljihu yake shigowa ba.

Shi ya sa nake ganin abin da ya faru a Kano a Fabrairun 2024 ya fi dukkan samamen ƙananan shaguna muhimmanci. Bayan hukuncin babbar kotun tarayya, NAFDAC da PCN sun rufe shagunan dillalan magani sama da dubu a Sabon Gari da kewaye, aka ce su koma cibiyar sari ta Dangwauro da ke kan titin Zariya. A Fabrairun 2025 aka yi irin wannan a kasuwannin Onica da Aba da Idumota ta Legas. 'Yan kasuwa sun koka da tsadar shaguna a sabon wuri, kuma kukansu abin saurare ne. Sabon Gari dai ita ce rumbun da ke ciyar da kyamis na arewa har da maƙwabtan ƙasashe, kuma a buɗaɗɗiyar kasuwa duk mai kuɗi dila ne, duk mai buhu kwastoma ne.

Amma sauya mazauni kaɗai ba gyara ba ne. Amfanin tara dillalai a wuri mai ƙofa ɗaya shi ne a iya ɗaure kowane ciniki da lasisin mai saye. Mai ƙaramin lasisi ya zo sari, a rubuta lambar lasisinsa a rasit, kuma abin da ba ya cikin jerinsa kada ya fita da shi. Katon na seftiriyazon ko diyazefam ko oksitosin ya fita da sunan famasi ko asibiti kaɗai, da lambar rukuninsa a rubuce. Dillalai 'yan ɗaruruwa ne a gari, ana iya duba littafinsu duk wata. Shagunan kyamis dubbai ne a warwatse har inda mota ba ta zuwa, jami'an sa ido kuma ba su taka kara sun karya ba. Wanda aka rufe yau, jibi ya biya tara ya buɗe, ko ya koma sayarwa daga ɗakin matarsa.

Sai alama. A tilasta jan layi mai kauri a jikin katin kansa, ta yadda ko an datsa za a ga ja a kowane yanki, da rubutu gajere da Hausa da sauran manyan harsuna. Kamfanonin da suka iya buga lambar kankarewa don tantance jabu ba za su kasa buga layi ba. Idan ɓera da sata daddawa ma da wari: mai saye ne sau da yawa ke matsawa sai an ba shi kafso ko an yi masa allura, in an hana shi ya tsallaka shago na gaba. Mai kyamis na gari yana buƙatar abin da zai nuna da yatsa ya ce, Baba, ka ga jan nan, ba ni na hana ba.

A ɗaya gefen kuma a sassauta inda tsanantawa ba ta da amfani. PCN ta riga ta fara raba masu ƙaramin lasisi mataki uku, tana bambanta wanda ba shi da horon lafiya da ma'aikacin jinya ko jami'in lafiyar al'umma da ya buɗe shago, da kuma wanda ya karanci taimaka wa masanin magani. A ba matakan nan ma'ana ta gaske. Wanda ya iya ƙirga numfashin yaro, ya san 50 a minti ɗaya ga ɗan wata biyu zuwa sha ɗaya, ko 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, alamar ciwon huhu ce, ya kamata a ce yana da amoksisilin mai narkewa a ruwa da cikakken adadin kwana biyar, da littafin da yake rubuta wa ya ba, da sanin lokacin da zai ce a wuce asibiti yanzu. Gwajin maleriya na tsinke, mai ba da sakamako cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin, ya zama sharaɗin sayar da ACT. Za a ce wannan buɗe ƙofa ne. Ƙofar ai a buɗe take tuntuni, kowa na sayar da komai. Jeri gajere da ake iya tsarewa ya fi dogon da kowa ya san wasa ne.

Masu rubuta takardar ma da nasu. Takarda cikakkiya tana ɗauke da sunan majinyaci da shekarunsa, nauyinsa in yaro ne, kwanan wata, asalin sunan maganin, ƙarfinsa, sau nawa a rana, kwana nawa, da sunan likita da sa hannunsa da lambar rajistarsa. Abin da ke yawo a hannun mutane kuwa guntun takarda ne babu suna babu hatimi, wanda kowa zai iya rubutawa, kuma ana ajiye shi a aljihu a sake saye da shi bayan shekara, ko a ara wa maƙwabci mai irin ciwon. Wasu asibitocin kuɗi kuma suna ba da ƙwayoyi a ambulan babu suna, don kada majinyaci ya gane ya saya a waje da rahusa. Wannan haɗi ne shi ma, na masu farar riga. Famasin da ya ba da antibayotik ya buga hatimi a takardar cewa an bayar, na masu bugarwa kuma ya riƙe takardar ya shigar a rajista. Likitan da ke son a mutunta takardarsa sai ya fara rubuta wadda za a iya tantancewa.

Idan jami'i ya shiga shago a ƙauye ya tarar da katon na allurar da bai kamata ta kasance a wurin ba, kwace kayan da manna takarda a ƙofa shi ne mafi sauƙin aikin. Akwai lambar rukuni a jikin katon ɗin, akwai sunan kamfanin da ya shigo da shi, akwai dilan da ya karɓi kuɗi ya loda shi a mota ya san sarai wa ya sayar wa. Rahoton samamen ya riƙa fitowa da sunan wannan dilan, da abin da aka yi wa lasisinsa.